Yadda Ake Mayar da Tatsuniya Ta Zama Littafin Soyayya na Zamanin Da

Duk wadda ta taɓa kwanciya a tabarma bayan sallar lisha, kakarta ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ta amsa da "Ta zo mu ji ta," ta san daɗin labarin da aka riga aka san ƙarshensa. Mun san 'yar bora ce za ta yi nasara, mun san 'yar mowa za ta kwaso wa kanta masifa, amma duk da haka gabanmu yakan faɗi idan yarinyar ta isa bakin ruwa. Wannan faɗuwar gaban ita ce jarin da nake so ki shiga rubutu da shi.

Marubutan soyayya na Turai da Amurka sun daɗe suna cin wannan kasuwa. Sukan ɗauki tatsuniyar Sindirela su dasa ta a Ingila ta shekarun 1811 zuwa 1820, lokacin da yarima yake riƙe wa mahaifinsa mulki saboda rashin lafiya. Aljanar da ta ba yarinya riga sai ta koma wata gwaggo mai dukiya. A ɗaya tatsuniyar tasu, ta kyakkyawar da ta zauna a gidan dodo, dodon yakan koma sojan da ya dawo daga yaƙin Watalu na 1815 da tabo a fuska. Mai karatu tana samun abu biyu a farashi ɗaya: labarin da ta sani tun tana goye, da kuma duniyar da ba ta taɓa shiga ba.

Mu ma rumbunmu cike yake. Tun shekarun 1980 ake buga littattafan soyayya a Kano, yanzu kuma sun koma waya, amma mafi yawansu a gidan bene da mota da filin jirgi suke. Zamanin fatake da karofi da kuɗin wuri yana nan kusan ba a taɓa shi ba. Ga yadda nake ganin za ki bi, kuma zan riƙe tatsuniya guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe don ki ga aikin da idonki. Da mace nake magana saboda mata ne suka fi riƙe wannan fage, amma hanyar ɗaya ce ga kowa.

Mataki na 1: Ji tatsuniyar daga baki, fiye da sau ɗaya

Kada ki dogara da abin da kika tuna. Je wurin tsofaffi biyu ko uku, in da hali waɗanda ba garinsu ɗaya ba, ki roƙi kowace ta ba ki tatsuniyar, ki nemi izininta ki ɗauka a waya. Za ki tarar ba su zo ɗaya ba, kuma a wuraren da suka saɓa nan ne ƙofarki take. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne ƙashin labarin, ba a taɓa shi. Abin da suka saɓa a kai nama ne, kina iya yanka shi yadda kike so. Idan ba ki da tsohuwa kusa, akwai tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wa 'yan makaranta, amma baki ya fi takarda, domin a baki ne za ki ji waƙar da inda ake jan murya.

Tatsuniyar da na zaɓa ita ce ta 'yar bora da aka tura wanki Ruwan Bagaja. Yadda aka ba ni ita: 'yar mowa ta yi fitsarin kwance a kan kirgi, aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka ce ta tafi ta wanko shi a Ruwan Bagaja. A hanya ta riƙa cin karo da koguna na abinci, kowanne yana tayi ta tsaya ta ci, tana ƙi. Ta isa wata bukka ta tarar da cinya da kare, ta gaishe su da ladabi ba ta yi musu dariya ba, ta yi musu aiki. Da za ta koma aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami. Aka gargaɗe ta: inda ta tambaya ko ta fasa, ta ji ana "fasa, fasa," kada ta fasa, sai inda ta ji shiru. Ta bi umarni, dukiya ta fito. 'Yar mowa ta bi sahu da kwaɗayi da rashin kunya, ta ɗauki babba, ta fasa inda ake ihu, abin da ya fito ya zame mata wahala.

Akwai wasu da suka dace da wannan aiki: Daskin-da-Riɗi, saurayin da ya ɓoye sunansa, Ta-Kitse, amaryar da rana ke narkar da ita, da yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙare a hannun dodo. Tatsuniyoyin Gizo ba su cika karɓar soyayya ba, wayo da cin amana ne abincinsu.

Mataki na 2: Fere ta har ƙashi

Ɗauki takarda ɗaya ki rubuta labarin cikin jimla biyar ko shida, ba aljani, ba sihiri, ba sunan kowa. Tamu za ta fito haka: an ɗora wa marar gata laifin da ba ta yi ba, an kore ta zuwa inda ake zaton ba za ta dawo ba, an jarrabe ta da abin da take matuƙar buƙata, ta girmama waɗanda kowa ke rainawa, an ba ta zaɓi ta ɗauki wanda ba ya ɗaukar ido, ta iya yin shiru har lokacin ya yi.

Manna wannan takarda inda kike rubutu. Duk babin da bai taɓa ɗaya daga cikin jimlolin nan ba, ki tambayi kanki me ya kawo shi.

Mataki na 3: Zaɓi gari ɗaya da shekara ɗaya

"A zamanin da" ba lokaci ba ne. Kano ta Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya kafa kasuwar Kurmi, daban take da Kano ta bayan jihadin 1804, ita ma daban take da Kanon da Turawa suka ci a watan Fabrairu na 1903, balle wadda jirgin ƙasa ya shigo a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi. Kowace da tufafinta, da abin tsoronta, da wanda ke da ikon yanke wa mace hukunci.

Shawarata ga mai farawa ita ce ƙarni na 19, domin shi ne aka fi samun bayaninsa a rubuce, kuma tsofaffinmu sun ji labarinsa daga bakin waɗanda suka gani. Ni na zaɓi Kano a 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. A shekarar ce Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo birnin ya rubuta abin da ya gani. Ya ƙiyasta mazauna birni kusan dubu 30, ya ce a lokacin fatauci yawan yakan ninka. Ya kuma rubuta cewa wuri 2,500 ake canjin dala ɗaya ta azurfa. Irin wannan bayani ne ke sa mai karatu ta ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta.

Idan kina son wuta a labarin, basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta raba gidaje biyu, wa da ƙani suka fuskanci juna, kuma masoya biyu a ɓangarori biyu ba sa buƙatar wani mugu daban. Idan 'yar Nijar ce ke, Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu tana jiranki da ganuwarta da ayarin raƙuma. Abin da kawai zan hana ki shi ne ɗora wa sarki ko malamin da ya rayu da gaske soyayya ko maganar da ba a san shi da ita ba. Zuriyarsu suna nan. Bar su a nesa, a ji tambarinsu daga bayan katanga, jarumanki su zama talakawan da kika ƙaga.

Kafin ki rubuta layi ɗaya, taka da ƙafarki. Shiga Gidan Makama ki dubi kayan da aka adana, je karofin Ƙofar Mata ki tsaya har warin baba ya kama mayafinki, hau Dala ki ga yadda birnin yake kwance. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don rayuwar mata kuwa, nemi labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa kafin zuwan Turawa ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta aka buga a 1954. A ciki za ki ga aure da kishi da ƙawance da harin masu kama bayi daga bakin macen da ta rayu cikinsu.

Mataki na 4: Musanya kowane abin al'ajabi da dalili na gaske

Nan ne aikin yake, kuma nan ne daɗin yake, saboda haka zan daɗe a kai.

Ƙa'idar ita ce: duk abin da sihiri ya yi a tatsuniya, a littafinki sai mutum ko sana'a ko al'ada ta yi shi, kuma sai wani ya biya kuɗinsa. Mai karatu za ta riƙa wasan ganewa da ke. Da ta ga abu sai ta ce a ranta, "Af, wannan ai shi ne ƙwan!" Wannan ganewar ce ke hana ta ajiye wayar.

Fara da kirgi. Fitsarin kwance ya isa laifi ga yara, amma bai isa ya kori budurwa daga gidan ubanta ba. Sai na mayar da uban ya zama dillalin tufafi a Kurmi, aka ba shi amanar turkuɗi na wani Ba'abzine da zai dawo ya karɓa kafin ayari ya tashi. Turkuɗi baƙin yadi ne da aka rina sau da yawa, aka buga shi da shuni har yana ƙyalli, kuma ruwa yana kashe wannan ƙyallin. 'Yar mowa ta ɗauko shi a ɓoye ta yafa don ta ga kanta, yayyafi ya taɓa shi, da asuba aka tsince shi a ɗakin bora. Yanzu laifin yana da nauyi: amana ce, mutuncin uba ne a kasuwa, kuma akwai ranar da za a zo karɓa. Kin samu agogon da zai riƙa bugawa a bayan labarin ba tare da kin sa agogo a hannun kowa ba.

Sai Ruwan Bagaja. Ina ne za a iya mayar wa turkuɗi ransa? Kura, garin da ya yi suna da marina da mabuga har Buzaye suna neman kayansa daga cikin Sahara. Daga birni tafiyar yini ce a ƙafa, kuma sai an ƙetare kogin Challawa. Da rani wannan ba komai ba ne. Da damina, ga ruwa ya kawo, ga yarinyar da ba ta taɓa wuce ƙofar gari ba, ga mowa da ta tabbatar ba a haɗa ta da ɗan rakiya na kirki ba, tafiyar ta zama abin tsoro. Idan dogon littafi kike so, miƙa hanyar har Gwanja: a ba da ita ga wata gwaggo da ke bin ayarin fataken goro zuwa Salaga, tafiyar watanni, da madugu da jagaba da jakuna da takarkarai, ana sauka zango zango. Amma ki sani kowane zango sai kin yi masa bincikensa. A littafin farko Kura ta ishe ki.

Kogunan abinci su ne mutanen da za su yi mata tayin sauƙi. Wata dillaliya ta ce ta ba ta turkuɗin haka nan ta sayar, su raba kuɗin, ta gudu wani gari. Wani attajiri ya ce zai biya diyyar duka idan ta yarda ta shiga gidansa. Dole tayin ya kasance mai kyau da gaske, kuma dole yarinyar ta kasance cikin yunwa da gajiya lokacin da aka yi shi. Idan ƙin karɓa bai yi mata ciwo ba, ba jarrabawa ba ce.

Cinya da kare su ne waɗanda garin ya mayar ba mutane ba. A nawa tsarin, wata tsohuwa ce da kuturta ta cinye wa yatsu, tana zaune a bayan gari, da wani dattijo bawa da ya tsufa a bakin karofi, wanda ya san haɗin baba da toka da katsi fiye da ubangidansa amma ba mai gaishe shi. Yarinyar ta ɗebo wa tsohuwar ruwa, ta tsefe mata kai, ta ci abinci tare da ita. Ta durƙusa ta gaida dattijon ta kira shi Baba. Ba don tana sa ran komai ba, don ita ma ta san ɗanɗanon raini tun a tsakar gidansu. Wannan dalilin shi ne bambancin littafi da tatsuniya. A tatsuniya 'yar bora tana da kirki saboda haka aka halicce ta. A littafi sai mun ga inda kirkin ya samo asali, da ranar da ya kusa ƙarewa.

Ƙwai biyu kuwa su ne maza biyu, ko kuma rayuwa biyu. Babba shi ne ɗan attajiri mai doki da 'yan kiɗa. Ƙarami shi ne saurayi mabugi wanda hannunsa ya rine har ba ya wankuwa, ba ya iya haɗa jimla uku a gabanta, amma ya kwana uku yana bugun turkuɗin nan da dare bayan ya gama aikin maigidansa. Ba dole ne gwarzonki ya zama ɗan sarki ba. Ni a ganina ma ɗan sarki yana kashe labari da wuri, domin da ya fito an san matsalar kuɗi ta ƙare.

Sai gargaɗin ƙarshe, wanda na fi so a tatsuniyar duka: kada ki fasa inda ake ihu, sai inda kika ji shiru. Yarinyar ta gano a Kura cewa tabon da ke jikin turkuɗin yana tare da shaidar lalle, ita kuwa ba a sa mata lalle ba a makon nan, 'yar mowa aka sa wa. Tana da hujjar da za ta wanke kanta. Ƙawayenta suna cewa ta tona a tsakar gida gaban kowa. Ta ƙi. Ta jira har ta samu ubanta shi kaɗai a zaure bayan sallar asuba. Me ta faɗa masa, me kuma ta zaɓi ta binne, wannan shi ne babin da za a riƙa tura wa juna.

Mataki na 5: Ba mowa hujja, ba saurayi rauni

Mowar tatsuniya muguwa ce kawai. Mowar littafi mace ce da ta san cewa son miji ba shi da tabbas, ta ga yadda aka yi wa wadda ta gabace ta, kuma ba ta da ɗa namiji da zai riƙe ta in maigida ya mutu. Ki bar mu mu ji tsoronta ko da a babi ɗaya ne. Haka 'yar mowa: yarinya ce da ta yafa kyakkyawan yadi sau ɗaya, tsoro ya sa ta yi ƙarya, ƙaryar ta fi ƙarfinta. Hukuncin da tatsuniya ta yi mata, na haɗa ta da kutare da makafi a matsayin azaba, kada ki ɗauko shi. Bai dace a mayar da masu lalura abin tsoratarwa ba, balle ke da kika sa kuturwa ta zama mai ceto. Auren babban ƙwai da ta zaɓa da kanta ya isa.

Saurayin kuma ya kasance yana da abin da zai rasa. Idan bashi ne a kansa, ko an riga an yi masa baiko da 'yar maigidansa, to kowane dare da ya yi yana bugun turkuɗinta yana sayar da wani abu nasa ne.

Mataki na 6: Nemo inda za su haɗu

Babu waya, babu wasiƙar soyayya a hannun kowa, kuma matan aure na manyan gidaje suna kulle. Wannan ƙuncin alheri ne gare ki, domin soyayya a takarda tana rayuwa ne da abin da ya hana ta. Budurwa tana fita talla, tana zuwa rijiya, tana zuwa dandali da dare inda ake kiɗan kalangu. Saƙo yana bin bakin ƙawa, ko ƙanwa mai tallan fura, ko dillaliyar da ke shiga gida gida. Toshi yana iya zama goro biyu a ƙunshe cikin ganye. Kunya tana hana ta ambaton sunansa, kuma ranar da ta fara kauce wa sunan nan mai karatu za ta gane an kamu, ba sai kin faɗa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ki lissafa haɗuwarsu tun kafin ki fara. Bakwai ko takwas sun isa littafi guda, muddin kowace ta canja wani abu tsakaninsu. Sannan ki bi matakan aure yadda suke, daga na-gani-ina-so da gaisuwar iyaye zuwa baiko, sadaki, kamu, sa lalle, buɗar kai da gara. Kowane mataki wuri ne da abu zai iya lalacewa.

Mataki na 7: Kwashe kayan yau daga ɗakin jiya

Bayan kin gama zubin farko, karanta shi sau ɗaya ba don komai ba sai farautar abin da bai kamata ya kasance a wurin ba. A 1851 ba ashana, ƙyastu ake yi ko a ɗebo wuta a maƙwabta. Fitila aci-bal-bal ce. Abinci a akushi da ƙwarya yake, ba a kwanon sha na kanti ba. Lefe kwando ne da aka saƙa da kaba, ba jerin akwatuna ba. Lokaci da asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru ake faɗinsa. Kuɗi wuri ne, ƙirga shi aiki ne mai cin lokaci, kuma keso ɗaya wuri dubu 20 ne, kaya guda da sai an ɗauka a ka. Adon budurwa lalle ne da kwalli da katambiri da jigida da murjani, haƙora kuma a rina su da fure da goro. Mata ke kaɗi da mazari, maza ke saƙa da rini a karofi.

Hatta ƙofofin birni sai kin tantance. Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Mazugal tsofaffi ne, amma Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo a zamanin Turawa aka fasa su. Kalmar Bature ma a lokacin tana kama Larabawan da ke zuwa fatauci daga arewa, shi ya sa unguwarsu a birni take Dandalin Turawa.

Sunaye su ma kaya ne. Ba jarumarki suna irin Kande ko Delu, ko sunan rana kamar Ladi, Talatu, Lami, Jummai ko Asabe. Saurayin da aka haifa bayan mata Tanko ne. Sunan da kika ji a fim jiya ki bar shi can.

Mataki na 8: Kada ki share bauta

Wannan gajere ne amma ba na sassauci a kansa. Kano ta ƙarni na 19 tana da bayi a gidaje da rinji, ana sayar da mutane a kasuwa, akwai kuyangi da sa-ɗaka da cucanawa, akwai masu biyan murgu suna tara kuɗin fansar kansu. Littafin da ya nuna rawani da algaita ya ɓoye wannan ya yi wa matattu ƙarya. Dattijon karofin nan yana da garin da aka kamo shi, yana da sunan da uwarsa ta sa masa wanda ba mai kiransa da shi. Ki ba shi daren da zai faɗi sunan.

Mataki na 9: Gyara bakin mutanenki

Ba a so ki cika shafi da tsofaffin kalmomin da sai an nemi ƙamus. Abin da ake so shi ne ki cire na aro na zamani, ki kuma kiyaye yadda ake girmama juna. 'Ya ba ta kallon idon uba, tana durƙushe take magana. Matar gida ba ta kiran sunan miji, Malam ne ko Maigida. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Talaka a gaban basarake "ranka ya daɗe" ne da faɗuwa. Gaisuwa tana da tsawo, kuma a cikin tsawonta ake jin ko akwai fushi. Karin magana a bakin tsofaffi ya fi zama, kuma ɗaya a inda ya dace ya fi goma a jere.

Waƙar tatsuniyar kuwa ki riƙe ta. Sa yarinyar ta riƙa rera ta a hankali tana kaɗi, a matsayin waƙar da uwarta ke yi mata. Sau uku ta isa: a farko, a bakin Challawa, da kuma wuri ɗaya kusa da ƙarshe inda wani ne zai rera mata ita.

Mataki na 10: Tsara babi, gwada a kunne, sannan ki saki

Raba jimlolin nan shida na mataki na biyu zuwa babi ashirin zuwa talatin. Idan a Wattpad ko zauren WhatsApp za ki riƙa sakewa, kada ki fara sai kina da aƙalla babi goma a ajiye, domin labarin tarihi ba ya jure rubutun gaggawa, kuskure ɗaya na zamani in ya fita ba ya komawa. Masu karatu za su matsa miki ki haɗa masoyan da wuri, ko ki kashe mowa. Ki saurare su da ladabi, ki koma ga takardar da kika manna.

Kafin babi na farko ya fita, koma wurin tsohuwar da ta ba ki tatsuniyar. Zauna kusa da ita bayan lisha ki karanta mata a bayyane, ba tare da kin gaya mata daga ina labarin ya fito ba. Riƙe biro a hannu. Duk inda ta ce "a'a, ba haka ake yi ba," ki sa alama ki tambaye ta yadda ake yi. Duk inda ta fara gyangyaɗi, ki rage. Sannan ki lura da babin da za ta ɗago kai ta ce, "Ke, wannan ba 'yar bora ba ce?" Idan tun a shafin farko ta faɗa, kin bar ƙashin a fili, ƙara masa nama. Idan har kuka kai Kura ba ta faɗa ba, kin binne shi da yawa, koma babin kirgi ki buɗe shi kaɗan.